Cutar emasi: abin da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta zama lauje

Yau bayaninmu a kan amosanin jini ne, wanda a nan Nijar muke cewa emasi, a Najeriya kuma sikila.

Jar ƙwayar jini ƙanƙanuwa ce ƙwarai, guda 1000 a jere ba su cika santimita 1 ba. Siffarta kamar faifai ne mai ɗan loɓawa a tsakiya. Daga ciki, ƙarƙashin fatarta, akwai wata raga ta zaruruwa da masana ke kira sifektirin da aktin. Ku ɗauke ta kamar tankar jinka: ita ke riƙe da siffa, amma tana da danƙo, shi ya sa ƙwayar ke matsewa ta wuce siririyar hanyar jini, ta fito ta koma yadda take.

Ragar nan a ɗaure take da fatar ƙwayar, kuma ƙullin ba na dindindin ba ne. Akwai wasu sinadarai masu kai saƙo, ana ce musu kinaz, su ke sassauta ƙullin in da buƙata, wasu kuma su sake ɗaure shi.

To, ga mai SS, sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa, wato himoglobin, shi ke da matsala. Da zarar ya sauke iskar sai ya haɗu ya zama dogayen sanduna masu tauri, su tokare fatar daga ciki, ƙwayar ta lanƙwashe. Da farko tana warwarewa in ta koma huhu. Amma yau da gobe, ruwan cikinta na fita, kinaz ɗin nan na ta sassauta ƙulli fiye da kima, har ragar ta lalace, ƙwayar ta ƙage a lauje. Irin waɗannan ne ke toshe ƙananan hanyoyin jini, ga ciwon ƙashi nan mai hana yaro barci. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta mai emasi kuwa 10 zuwa 20, shi ne dalilin ƙarancin jini.

Saboda haka in likita ya ce a yawaita ba yaro ruwa, ba maganar banza ba ce, musamman a zafin bazararmu. Sanyin hunturu da zazzaɓin cizon sauro su ma suna tayar da ciwon.

Cutar gado ce, babu ruwan maita ko iska a ciki. In miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS. A ganina awon jini kafin a kai kuɗin aure ya fi sauƙi a kan iyalai biyu.

Wani likitan Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin ƙwayoyin nan a 1910. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da masu emasi, kuma kowace 19 ga Yuni ce ranar cutar ta duniya.