Banda da Naman Alade a Ƙasar Zuru

Banda tsohuwar dabara ce ta adana nama, wadda mafarauta suka daɗe da sani: a yanyanka nama, a barbaɗa gishiri, a jera shi bisa itatuwa a kan wuta marar harshe, hayaƙi da zafi su tsotse ruwansa sannu a hankali. A ƙasar Zuru, inda Dakarkari (Lelna) suka fi yawa, akwai gidajen Kirista da na masu addinin gargajiya da ke kiwon alade, abin da ba kasafai ake gani a sauran sassan Jihar Kabi ba, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991.

Harshe kansa ya ajiye shaida. Na daji yana da sunansa na asali, wato gadu, har da laƙabin mugun dawa. Amma kalmar "alade" aro ce daga Yarabanci, alamar cewa ta kudu Hausawa suka san na gida. Ke nan dabarar ta girmi sunan dabbar.

Sai dai abin da ya dace da naman daji bai cika dacewa da wannan ba. Naman alade kitse gare shi; yana ɗiga cikin garwashi, wuta ta tashi, baya ya ƙone alhali ciki ɗanye. Nan haɗarin yake. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano ƙwayoyin tsila a jikin aladun Zuru, kuma hayaƙi kaɗai ba ya kashe su, sai zafi ya ratsa tsokar har tsakiya.