Daga Gona Zuwa Bangon Ɗaki: Tarihin Ƙwarya a Adon Ɗakin Bahaushiya

Gabatarwa

Da zarar an ambaci tarihi, hankalin ɗalibi yakan tafi wajen sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwa. Ba safai akan tuna cewa ɗakin mace ma yana da nasa tarihin ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi diddigin duma, watau tsiron nan da ake busar da 'ya'yansa a sami ƙwarya, don a ga yadda ya shiga ɗakin Bahaushiya ya zama ado, da yadda aka yi ya fita, da kuma abin da ya fita tare da shi.

Asalin Duma

Masana ilmin tsirrai suna kiran duma Lagenaria siceraria, kuma sun yarda cewa Afirka ce mahaifarsa. A shekarar 2004 aka ba da rahoton samun irinsa na daji a Zimbabuwe. Abin mamaki shi ne, an tono ɓawonsa mai kimanin shekara 10,000 a wani kogo a kudancin Meksiko. To, yaya aka yi ya ƙetare teku? A 1954 wasu masana biyu, Whitaker da Carter, sun saka duma cikin ruwan teku ya yi ta yawo fiye da kwana 200, suka fasa suka shuka irin, ya kuwa tsiro. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2014 ya ƙarfafa ra'ayin cewa igiyar ruwa ce ta kai shi can daga Afirka.

Yi wa duma ado ma ba sabon abu ba ne. A 1946 Junius Bird ya haƙo wasu ƙananan gorina biyu masu zane a Huaca Prieta, bakin tekun ƙasar Peru, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 4,000. Ashe ke nan ƙwaryar da muke rainawa tana cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya fara ƙawatawa.

Daga Gona Zuwa Hannun Mai Zane

A ƙasar Hausa da damina ake shuka duma, a gona ko a jikin danga ko a bar shi ya hau rumfa. Ba a cire shi sai ya ƙosa da kaka, domin wanda aka cire ɗanye motsewa yake yi. Daga nan sai a fafe shi, a jiƙa har totuwar ta ruɓe, a kankare ta, a wanke, a shanya a rana har ya yi tauri. Siffar duman ita ke yanke hukuncin aikinsa: babba ya zama masaki, matsakaici ƙwarya, ƙarami ƙoƙo. Mai wuya a tsaga shi a sami ludayi, ko a bar shi gora ko jallo. Dogo ya zama shantu ko zungurun ƙunshi. Almajiri ma da ɗan kurtunsa na tawada.

Hanyoyin adon manya guda uku ne. Ta farko sassaƙa, inda ake kankare wani sashe na bayan ƙwaryar da wuƙa, farin ciki ya bayyana, sauran ya tsaya da launinsa. Ta biyu ƙuna, inda ake zana layuka baƙaƙe da ƙarfe mai zafi. Ta uku rini, alal misali da karan dafi mai ba da launin ja. A kasuwannin ƙasar Hausa galibi maza ne ke wannan sana'a, amma a yankin Adamawa da kwarin Gongola matan Fulani da Ga'anda da Yungur sun shahara da zanen ƙuna, har T. J. H. Chappel ya rubuta littafi sukutum a kan ƙorensu a 1977.

Ƙwarya a Jere

Jere shi ne shirya kayan amarya a ɗakinta, kuma a dā ƙwarya ce uwar jere a gidan talaka. Akan jera ƙore babba a ƙasa, ƙarama a sama, a rufe da faifai mai launi, a rataye wasu a ragaya. Daga nan Bahaushe ya sami karin maganar nan, "ƙwarya tagari tana ragaya." Masu hali kan haɗa da akushi da tasoshin tagulla irin na Bida.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa jere ba ado ne kawai ba. Uwa takan fara tara shi tun yarinya tana ƙarama, dangi su ƙara, saboda haka duk mai shiga ɗakin yana karanta yawan gatan amarya a jikin bango. Bugu da ƙari, kayan mallakarta ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita. Har yanzu matan Wodaɓe na Jamhuriyar Nijar sukan baje ƙorensu na ado a tarukan dangi, waɗanda ba a tatsar nono a cikinsu, sai dai a nuna.

Zuwan Kwano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan Turawa suka cika da kwanoni masu fenti daga ƙasashen waje. Sannu a hankali langa da fanteka suka hau gurbin ƙwarya. Cikin shekarun 1960 aka riƙa ƙera irinsu a Ikeja da Kano, suka yi araha har suka kai ƙauye. Da kuɗin man fetur suka shigo bayan 1973, aka kuma biya ƙarin albashin Udoji a 1975, sai kabet da tangaran da gilashi suka ture kwanon shi ma, roba kuwa ta karɓe aikin madafa.

Duk da haka tsarin jeren kwano tsarin ƙwarya ne: abu mai da'ira, babba a ƙasa, ƙarami a sama, da marfi. Abin da ya sauya abu uku ne. Na ɗaya, ƙwarya nomawa ake yi, kwano kuwa sai da kuɗi, don haka nauyin kayan ɗaki ya koma kan aljihun iyaye, har ya kai wasu ga cin bashi ko jinkirta auren 'ya'yansu. Na biyu, ƙwarya in ta tsage gyartai ya ɗinke ta, tangaran kuwa in ya fashe sai bola. Na uku, babu ƙore biyu masu zane iri ɗaya tak, alhali kwanon kamfani dubu kamarsu ɗaya. Watau ɗakin ya ƙara ƙyalli, amma hannun mai yi ya ɓace daga cikinsa.

Kammalawa

Ƙwarya ba ta mutu ba. Tana kan mai tallar fura da nono, tana wurin masunta da gorunansu a bikin kamun kifi na Argungu, da ita kuma Barmani Choge ta yi kiɗan amada har rasuwarta a 2013. A harshe ma tana nan daram: goro ɗari ƙwarya ne, tsakiyar gari ƙwaryar gari ce, kuma har gobe ana cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Sai dai a matsayin ado, yanzu an fi ganinta a bangon otal da dandalin nunin al'adu.

Matsalar ita ce duma ba dutse ba ne. Gara da gobara suna cinye shi, kuma tsofaffin da suka san sunayen zane-zanen da ma'anarsu kullum raguwa suke yi. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu neman batun kundin digiri, in an tafi hutu a zauna da kakanni da masassaƙa da gyartai, a ɗauki hoto, a rubuta sunan kowane zane da garin da ya fito. Wannan babi ne na tarihin matan Hausa da ba a ajiye shi a takarda ba, kuma in ba mu tattara shi ba, babu mai zuwa daga wani wuri ya tattara mana.