Gocewar Kwatangwalo a Jarirai Bakwaini

Gocewar kwatangwalo matsala ce da ake haifar jariri da ita ko ta bayyana a watanninsa na farko. Ramin ƙashin ƙugu bai yi zurfin da zai riƙe kan ƙashin cinya ba, sai gaɓar ta yi sako-sako, wani lokaci ta fita gaba ɗaya. Ta fi kama 'ya'ya mata da 'yan fari, kuma ta fi yawa a ɓangaren hagu.

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin cikar makonni 37. Zuwa da wuri shi kaɗai ba ya cikin manyan dalilan cutar. Abin dubawa shi ne kwanciyar ɗan a ciki, domin bakwaini da yawa kan zo a zaune, ba su kai ga juya kai ƙasa ba. Gado da ƙarancin ruwan mahaifa su ma suna ƙara haɗarin, haka kuma naɗe jariri tamau da ƙafafu a miƙe. Goyo da zani, inda cinyoyi ke buɗe, yana taimaka wa gaɓar ta zauna daidai.

Likita kan gwada cinyoyin da dabarun Ortolani da Barlow, sannan a ɗauki hoton sikanin. Ga bakwaini, ana lissafa lokacin hoton daga ranar da ya kamata a haife shi. Idan an gano da wuri, ɗamarar Pavlik kan wadatar. Abin takaici, cutar ba ta sa jariri ciwo, don haka sau da yawa sai yaro ya fara tafiya da ɗingishi ake lura, lokacin da tiyata ta zama dole.