Magogi

magogi [mágóogíi] sn., nj.; jam. magogai [mágòogái].

1. Falle mai kaushi na goge katako ko ƙarfe da hannu, samfefa. Mis.: Kafintan Tudun Wada ya bi ƙofar da ~ kafin fenti. Ƙaramar lamba (60) ta kankara, babba (220) ta sulɓi. A katako bin tsawon itace ake yi. Gicciye na barin zane.

2. Soson ƙarfe na cire tsatsa ko baƙin tukunya. Mis.: Mai walda a Kwanar Dangora ya kankare garma da ~.

3. Gwangwani mai huje-huje na goga kuɓewa.

4. ~n haƙori: buroshi.

Dangi: goga [góogàa], goge [góogèe], gogu [gòogú] fi.; guga [gúugàa] sn.; gogagge [gòogággée] sif.