Dokar hana dukan kai da wuya a ƙwallon jami'o'in Amurka

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, kayar da abokin hamayya da ƙarfin tsiya halal ne, domin da shi ake tsayar da mai ɗauke da ƙwallo. Sai dai hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ta haramta wa ɗan wasa auna kai ko wuyan abokin karawarsa. Amurkawa na kiran wannan laifi "tagetin", wato aunawa, kuma yana cikin laifuffukan da hukuncinsu ya fi tsanani a wasan.

Asalin matsalar

Batun tsaron lafiyar 'yan wasa shi ne ya haifi hukumar kanta. A kakar 1905, jaridun Amurka sun ruwaito mutuwar 'yan wasa aƙalla 18 sakamakon raunukan da suka ji a fili. A watan Oktoban shekarar, Shugaba Theodore Roosevelt ya gayyaci wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House, ya nemi a gyara wasan. A 1906 aka kafa ƙungiyar jami'o'in da ta koma NCAA a 1910, kuma a 1906 ɗin aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu, don a rage cinkoson da ke janyo turmutsutsu.

An wajabta sanya hular kwano a 1939. Amma da hulunan suka ƙara ƙarfi, sai 'yan wasa suka mayar da su makami, suna tunkuyi da kai kamar raguna. Duk wanda ya sunkuyar da kai ya yi karo da tsakiyar hularsa, nauyin karon kan sauka ne a ƙasusuwan wuyansa, abin da kan iya lahanta laka ya shanye jiki. Saboda haka aka haramta fara karo da kai a 1976.

Abin da dokar ta hana

Dokar aunawa ta fara aiki a 2008, kuma tana da sassa biyu. Na farko ya hana dukan kowane ɗan wasa, a ko'ina a jikinsa, da tsakiyar hular kwano. Wannan sashe yana kare wanda aka daka, yana kuma kare wuyan wanda ya yi dukan. Na biyu ya hana dukan kai ko wuyan wanda ba ya cikin halin kare kansa, ko da hula ne, ko kafaɗa, ko gwiwar hannu, ko dunƙulallen hannu.

Waɗanda ake ɗauka ba sa iya kare kansu sun haɗa da wanda ke jefa ƙwallo ko ya jefa ta yanzu-yanzu, da wanda ke ƙoƙarin cafke ta, da mai bugun ƙwallo da ƙafa, da wanda ya riga ya faɗi ƙasa, da mai ɗauke da ƙwallo da ya zame da ƙafafu a gaba don nuna ya miƙa wuya.

Alƙalan wasa kan nemi wata alama kafin su yanke hukunci: ɗan wasa ya daka tsalle ya wurga jikinsa sama zuwa ga kan abokin hamayya, ko ya duƙa sannan ya yunƙuro sama, ko ya sunkuyar da kai kafin karo. Dokar ba ta buƙatar a tabbatar cewa ɗan wasan ya yi nufin jikkata wani.

Yadda hukuncin ya riƙa sauyawa

Da farko hukuncin shi ne a ci ƙungiyar mai laifin tarar yadi 15, kusan mita 14, a filin da tsawonsa tsakanin layukan ci biyu yadi 100 ne. A 2013 aka ƙara da korar ɗan wasan nan take. A tsarin da aka kafa a shekarar, wanda ya yi laifin kafin hutun rabin lokaci zai rasa ragowar wasan, wanda kuwa ya yi bayan hutun zai rasa har da rabin farko na wasa na gaba.

Gyare-gyare sun biyo baya. Daga 2016, alƙalin da ke duba bidiyo ya samu ikon tsayar da wasa ya hukunta laifin da alƙalan fili ba su gani ba. A 2019 aka ce dole bidiyon ya tabbatar da dukkan sharuɗɗan laifin, in ba haka ba a soke hukuncin, kuma wanda ya aikata shi sau uku a kaka guda za a dakatar da shi wasa ɗaya cikakke. A 2020 aka bar wanda aka kora ya zauna tare da abokan wasansa a gefen fili, a 2022 kuma aka buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara kan dakatarwar da ke shiga wasa na gaba.

Wasu dokokin sun shafi bugun fara wasa, inda 'yan wasa ke karo da juna a guje. A irin wannan bugu ne Eric LeGrand na jami'ar Rutgers ya samu shanyewar jiki a Oktoban 2010. A 2012 an matsar da wurin bugun gaba zuwa layin yadi 35, don ƙwallon ta riƙa wucewa ba tare da an dawo da ita a guje ba.

Muhawarar da ake yi

Masu suka na cewa dokar ba ta bambanta mai ganganci da wanda tsautsayi ya afka wa, musamman idan mai ɗauke da ƙwallo ya sunkuya a daƙiƙar ƙarshe. Misalin da ake yawan kawowa shi ne wasan kusa da na ƙarshe na Disambar 2019, inda aka kori Shaun Wade na Ohio State bayan karonsa da Trevor Lawrence na Clemson. Ohio State na gaba da maki 16 da nema a lokacin, amma ta sha kashi da 29 da 23. Masu goyon baya kuwa na ganin tsoron kora ne ya sa masu horarwa suka koma koyar da kayarwa da kafaɗa, kai a ɗage.

Abin da dokar ba ta magance ba

Dokar ta shafi duka mai tsanani guda ɗaya, alhali masu bincike na danganta cutar lalacewar ƙwaƙwalwa ta CTE da ƙananan bugu da ke taruwa shekara da shekaru. Likita ɗan asalin Najeriya, Dokta Bennet Omalu, shi ne ya fara gano cutar a ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Amurka, Mike Webster, ya kuma wallafa bincikensa a 2005. Wani binciken Jami'ar Boston na 2017 ya samu cutar a ƙwaƙwalen 48 daga cikin mamata 53 da suka buga wasan zuwa matakin jami'a, kodayake iyalai ne suka bayar da ƙwaƙwalen, galibi saboda sun ga alamun rashin lafiya.

Wannan ya sa aka waiwayi filin atisaye da ɗakin likita. Tun 2010 NCAA ta wajabta wa jami'o'i tanadar tsarin kula da wanda ya samu girgizar ƙwaƙwalwa, wanda ya hana shi komawa fili a ranar, a 2017 kuma ta hana atisayen karo sau biyu a rana. A 2019 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya sa hukumar ware dala miliyan 70 don duba lafiyar 'yan wasanta na da da na yanzu, da dala miliyan 5 don bincike.