Rewaya da Wutar Babur a Kaduna

Dattawan da suka hau babur a Kaduna a shekarun 1970 sun san hasken fitilar zamanin: idan an murɗa totur ta haska titi, idan an sassauta ta koma kamar aci-balbal. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su. Yawancin ƙananan Honda, Yamaha da Suzuki na lokacin wutar bolt 6 suke amfani da ita, kwayil ɗin cikin inji ne ke ciyar da fitilar kai tsaye, batirin kuwa na hon da sigina ne kawai. Wayoyin ba su da yawa, bakanike ɗaya ya ishe su.

Acaɓa ce ta sauya lissafi. Da Jincheng ta ƙasar Sin ta cika gari a farkon shekarun 2000, Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo baya, wuta ta koma bolt 12, CDI ya kori kontak, babur kuma ya zama wurin neman abinci dare da rana daga Kawo zuwa Kasuwar Barci. Sai ɗan acaɓa ya fara ɗora wa wayar abin da kamfani bai auna ba: hon na mota, rediyo da sifika, fitilu masu launi, ga cajar waya, tunda GSM ta shigo a 2001.

Nan rewaya, mai gyaran wuta, ya samu kasuwa. A Tsohuwar Panteka za a gan shi tsugune, ya feɗe salatif, yana ƙyasta bakin waya a jikin ƙarfe don ya ga tartsatsi. Abin da ya fi tararwa ɗaya ne: fis ya ƙone, mai babur ya maye gurbinsa da zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba. Fis ɗin da ya kamata ya mutu a madadin wayoyin ya daina mutuwa, sai robarsu ta narke, su haɗe, wani lokacin har rektifaya ta ƙone. Arha ce mai tsada.

Dokar hana acaɓa ta Gwamna Ramalan Yero a 2014, da haramcin hawa babur na 2021 zamanin El-Rufai, sun taɓa cinikin rewaya, amma ba su kashe shi ba. Su kuwa wayoyin, sauƙin da suka samu daga kwan LED ya zo, domin wutar da yake ja ba ta kai ta tsohon kwan wat 35 ba. Sai dai masu babur da yawa sun cike gurbin da ƙarin fitilu.