Mutum Nawa Ne a Kano? Tarihin Ƙidaya da Karatun Alƙaluma

A farkon shekarar 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo Kano, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000. A watan Fabrairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo ya ce 30,000 ne. Wanda ya jera alƙaluman biyu zai zaci birnin bai ƙaru ba cikin shekara 27, ko ma ya ragu. Sai dai babu ɗayansu da ya bi gida-gida, da ido suka auna. Barth ya kuma ƙara da cewa daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayarin fatake ke sauka, jama'ar kan kai 60,000. Ke nan amsar tambayar ta danganta da watan da aka yi ta.

Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau, zango ne na irin waɗannan baƙi a wajen ganuwa, kuma lissafi ba baƙon abu ba ne a wurin. Da wuri ake ciniki, ana ware shi biyar-biyar da yatsu, ana tara shi ɗari-ɗari, a ɗaure 20,000 a keso guda. Da wannan ma'auni Barth ya ƙiyasta cinikin tufafin da Kano ke saƙawa da rinawa a kan wuri miliyan 300 a shekara, ya ce wannan shi ne mafi ƙarancin ƙiyasi.

Bayan cin Kano a 1903, Turawan mulki suka mayar da ƙirga aikin hukuma. Malaman taki suka riƙa auna gonaki domin yanka haraji, ana ƙirga shanu domin jangali. Tun daga nan talaka ya gane cewa mai alƙalami ba ya zuwa ƙirga a banza, wasu suka koyi ɓoye kai da dabba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, 'yan kasuwar Labanan da Siriya suka buɗe kantunan yadi a Fagge, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a hannun su Alhassan Ɗantata. Dalar gyaɗa ta zama kamar zanen alƙaluma da kowa ke gani daga nesa. Amma ita ma tana buƙatar karatu: bayan Yaƙin Duniya na Biyu dalolin sun yawaita ne saboda albarkar noma da kuma ƙarancin taragun da za su kwashe buhunan zuwa Legas. Tsayinsu yana auna abin da aka noma, yana kuma auna abin da aka kasa kwashewa.

Shi kansa zanen alƙaluma a kasuwa aka haife shi. William Playfair, ɗan Sikotilan, ya wallafa zanen layi da zanen sanduna a 1786 domin nuna kayan da ake shigarwa da fitarwa a Birtaniya, a 1801 kuma ya ƙago da'irar da ake yankawa kashi-kashi. Su ne yara ke zanawa a aikin gida na lissafi har yau.

Bayan samun 'yanci, ƙidaya ta koma ma'aunin kujerun majalisa da kason kuɗi, sai mai ɓoye kai ya koma mai ƙara kai. An soke ƙidayar 1962 saboda taƙaddama, aka sake a 1963 aka samu miliyan 55.6. Ta 1973 kuwa Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. A ƙidayar 1963 Lardin Kano yana da kimanin miliyan 5.8, a ta 1991 Jihar Kano ta sake fitowa da kimanin miliyan 5.8. A zane, layin zai kwanta shimfiɗe, kamar an yi shekara 28 ba a haihu ba. Dalilin shi ne an cire Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991, wata uku kafin ƙidayar, ta tafi da mutum kusan miliyan 2.9. Sunan bai canza ba, iyakar ce ta canza.

Ƙidayar 2006 ta ba Kano 9,401,288, ta ba Legas 9,113,605, gwamnatin Legas kuma ta ƙi amincewa. Tazarar ba ta wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ba. Amma idan mai zane ya fara ma'auninsa daga miliyan 9 maimakon sifiri, sandar Kano za ta ninka ta Legas fiye da sau uku, alhali bai canza alƙalami ko ɗaya ba. Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Duk adadin mutanen Kano da ake ambata yanzu hasashe ne da aka ɗora a kan wancan tushe.

Matsakaici ma yana da nasa tarkon, kuma Kwari ta isa misali. A ƙaddara 'yan tebur tara kowa ya yi cinikin naira 100,000 a rana, dila guda kuma ya yi na miliyan 9.1. Jimla miliyan 10, a raba goma, matsakaici ya zama miliyan 1, kuɗin da babu ko ɗaya cikin taran da ya gani. Idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka duba tsakiya, 100,000 za a tarar, kuma ita ce ta fi kusa da halin da layin yake ciki. Jami'in da ya yanka haraji da lissafin farko zai ninka wa ɗan tebur nauyi sau goma.

Yaron da aka ba aikin gida a kan zanen sanduna, da ma'aikacin da aka miƙa wa rahoton ofis, tambayoyi huɗu ne a gabansu: wa ya ƙirga, yaushe, a cikin wace iyaka, kuma daga ina ma'aunin ya fara. Duk ranar da aka sake ƙidayar ƙasa, da amsoshinsu za a yi gardamar kason kuɗi da kujerun majalisa.